Kumburi da Baƙin Ƙasan Ido: A Duba Kafin a Rufe



Gobe biki. Mace ta ɗauki madubi, ta ga ƙasan idonta ya yi baƙi, ya kuma tasa kamar an cusa auduga a ciki. Sai ta jawo tandu, ta rambaɗa kwalli, ta bi da hoda. Wata kuma ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata man da aka ce yana wanke fuska. Namiji ma bai tsira ba. Shi dai ya ja rawani, ko ya sa baƙin tabarau, in an tambaye shi ya ce gajiya ce.

Sau da yawa gajiyar ce kuwa. Amma ba kullum ba. Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka ma labarin jini da na ƙoda, sau da yawa a ƙasan ido yake fara bayyana. Saboda haka a darasinmu na yau za mu koyi rarrabewa: wane kumburi ne na gajiya, wane ne kuma ke cewa a tashi a tafi gidan likita. Bayan haka sai mu zo ga zancen kwalliya.

Me ya sa ƙasan ido?

Ku taɓa fatar diddigenku, sannan ku taɓa fatar ƙasan idonku. Ta diddige kamar ƙirgi take. Ta ƙasan ido kuwa kamar ɓawon albasa, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Duk jikin mutum babu fatar da ta kai ta ido sirantaka. Shi ya sa jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta suke nunawa, wurin ya yi duhu.

Naman da ke ƙarƙashin wannan fata kuma sako-sako ne. In mutum ya kwanta dare guda, ruwan jiki yakan gangaro ya taru a nan, kamar yadda ruwan sama ke saukowa daga duwatsun Adar ya kwanta a fadama. In ya tashi ya yi ta kai da kawowa, ruwan ya sauka, kumburin ya saɓe. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi ganin abin da sassafe.

Akwai kuma kitse kaɗan da Allah ya kewaye ƙwayar ido da shi, don ya zame mata matashi. Wata siririyar tantani ce ke riƙe da shi. In shekaru suka ja, tantanin ya saki, kitsen ya turo gaba, ya yi kamar ƴar jaka. Wannan jakar ta tsufa ba ciwo ba ce. Ba ta saɓewa da rana, kuma babu man shafawa ko sassaƙen da ke mayar da ita. A manyan birane akwai likitocin da ke yin aiki su cire ta, da kuɗi masu yawa, don kyau kawai. Mu dai ba mu ga dalilin da zai sa dattijo ya sayar da buhunan albasarsa saboda wannan ba.

Baƙin ma wani gado ne. Ku dubi uwa, ku dubi ɗiyarta, ku dubi kaka. In duk haka idonsu yake tun suna yara, to launin fatar gidan ne.

Kumburin aiki da ƙura

Ku dubi mai noman rani a kwarin Tarka, ko a garakan Tamaske. Daga dashen albasa har cirarta ba ya samun barcin kirki. Asuba ta yi masa a bakin rijiya, wani lokaci ma dare ya raba yana tare da injin ban ruwa. Ku dubi matar gida: ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya, kuma wuninta cikin hayaƙin kara da itace. Ga samari da ke zama a fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, har ƙarfe 2 na dare. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Wanda ya yi wata guda yana samun awa 4, ba sai an tambaye shi ba, idonsa zai faɗa.

Sai ƙura. Kowa ya san iskar hunturu a ƙasarmu. Saboda ita ne aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975, don su tare wa gonaki iska. To abin da iska ke yi wa gona shi take yi wa ido. Ga ƙaiƙayin gero ranar sussuka da shiƙa. Ido ya yi ƙaiƙayi, mutum ya murza, ya sake murzawa. Murzar nan ita ce babbar ɓarna. Tana kumbura fatar, kuma a kan baƙar fata duk wurin da aka dame shi da susa ƙara baƙi yake yi. Akwai yaran da idonsu ke ƙaiƙayi shekara da shekaru, farin idon ya koma ruwan ƙasa, kewayen ya yi duhu. Irin waɗannan a kai su a duba, akwai maganin ɗigawa da ke kwantar da ƙaiƙayin.

Gishiri ma yana da hannu. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Yanzu ku lissafa abin da ke shiga tukunya ɗaya: gishiri, da dunƙulen magi biyu ko uku, da kanwa. Wanda ya ci irin wannan miya da dare, ya kwanta, ba mamaki ya tashi da ido a kumbure.

Maganin wannan irin yana cikin gida, kuma ba ya cin ko dala. A sami ƙyalle mai tsabta, a tsoma shi cikin ruwan randa mai sanyi, a matse, a rufe ido a ɗora na minti 10. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, kumburin ya ragu. A ɗan ɗaga kai da matashi wajen kwanciya. A rage gishiri da magi a tuwon dare. In an dawo daga gona ko masussuka, a wanke hannu da sabulu, sannan a wanke fuska da ruwa mai kyau. In ido ya yi ƙaiƙayi, a zuba masa ruwa, kada a murza. A sa malfa a rana, domin rana tana ƙara baƙin. Mai girki ta fitar da murhunta inda iska ke wucewa. In fatar ta bushe da hunturu, ɗan man kaɗanya ya isa, amma kada ya shiga cikin idon.

Ga jan kunne ga masu feshin albasa da tumatir. In maganin ƙwari ya fantsama a ido, a bar aikin nan take. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. Sannan a tafi gidan likita da kwalbar maganin a hannu, don a karanta abin da ke ciki.

In an yi duk wannan har mako 2 kumburin bai ragu ba, ko kuma ya sauka ƙafafu, to an bar zancen gajiya. Mu shiga wanda ya fi muhimmanci.

Mace mai ciki

A nan muke roƙon ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Ƙafar mai ciki takan ɗan kumbura da yamma, musamman cikin bazara. Wannan sananne ne. Amma in cikin ya wuce wata 5, sai fuska ta kumbura, fatar ido ta yi nauyi, zobe ya ƙi fita daga yatsa, to wannan wani abu ne daban. Yana iya zama hawan jini na masu ciki. Sau da yawa a gida murna ake yi. A ce: “Kai, cikin nan ya karɓe ta, dubi yadda ta yi ƙiba.” Alhali ruwa ne ya taru.

Ku tambaye ta. Kanta yana ciwo, ciwon da ba ya jin magani? Tana ganin hazo-hazo, ko wasu ƴan taurari suna gilmawa? Tana jin zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, wajen dama? In ta amsa ko da guda ɗaya, ranar nan za a kai ta, ba gobe ba, ba ranar kasuwa ba. Domin abin da ke biyo baya shi ne jijjiga. Mace ta faɗi, ta sandare, ta ciji harshe. Mutane su ce iska ce ta buge ta, a kawo hayaƙi da rubutu, lokaci yana wucewa. Jijjiga tana kashe uwa, tana kashe ɗan da ke ciki. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a kan hanya.

A gidan likita abin ba wuya. Ungozoma za ta ɗaura ma'auni a damtse. In jini ya kai 140 bisa 90, ya hau. Za ta tsoma ƴar takarda cikin fitsari don ta ga ko ƙoda tana yoyo. Akwai maganin sauke jinin, akwai kuma allurar da ke hana jijjiga. In abin ya yi tsanani sai a tura ta babban asibitin gunduma, a Madawa ko Buza ko Keita, ko a wuce da ita Tawa. Wannan ciwo yakan zo ba tare da mace ta ji komai ba. Shi ya sa awon ciki yake da amfani ko tana jin garau. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu.

Maigida, wannan magana taka ce. Da yawa daga cikin mazan Adar suna Abijan, ko Legas, ko Libiya wajen bida. Wanda zai tafi ya bar mata da ciki, ya bar izini a bayyane gaban mahaifiyarsa da ƙannensa: in fuskarta ta kumbura a kai ta, ba sai an jira wayarsa ba. Ya kuma ware kuɗin mota ya ajiye.

Haihuwa ma ba ta rufe zancen ba. Hawan jinin yana iya tasowa cikin kwanakin jego. Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, a Najeriya, sun lura da mata masu yawa da ke zuwa da kumburin jiki da haki bayan haihuwa. Da suka bincika, sai suka ga abin yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa, zuciya ta gaji da turawa. Ba mu ce a bar kula da mai jego ba. A sassauta kanwar, a surka ruwan. In kuwa fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi, a garzaya da ita.

Yaron da ya “yi kumatu”

Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. An yaye yaro, abincinsa kunu ne tsararo safe da yamma. Ga zawo, ga masassara. Sai a ga kumatunsa sun cika, ƙasan idonsa ya tasa. Uwa ta ji sanyi a ranta, ta ce ɗana ya fara murmurewa. A'a. Wannan tamowa ce mai kumburi, kuma ta fi mai ramewa saurin kisa. Irin wannan yaro ba ya wasa, ba ya son abinci, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wani lokaci fatarsa tana saɓulewa.

Ga yadda ake ganewa, kowa yana iya yi. A kama ƙafafun yaron biyu. A danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, sannan a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, to ruwa ne, a kai shi ranar nan. Iyaye mata da yawa yanzu sun iya awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku, kore da rawaya da ja. Madalla. Amma ku sani, yaro mai kumburi zarensa yana iya nuna kore alhali yana cikin haɗari. A auna damtse, a kuma danna ƙafa.

Wannan ciwo yana warkewa. Bayan yunwar 2005 an buɗe wuraren kula da yara masu tamowa a gidajen likita da yawa, kuma ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta yi shekaru tana wannan aiki tare da asibitocin Madawa da Buza. Yaron da ciwonsa ya yi nauyi akan kwantar da shi, a fara shi da madara ta musamman kaɗan-kaɗan. Wanda yake iya ci akan ba uwarsa abincin gyaɗan nan na cikin leda, ta riƙa ba shi a gida. Wannan abinci magani ne, na mai ciwon ne shi kaɗai. Ba na rabawa da yayyensa ba ne, ba kuma na kai wa kasuwa ba. A 2006 gwamnati ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ku tambayi ma'aikacin lafiyar garinku yadda abin yake tafiya a wurinku, kada tsoron kuɗi ya sa ku zauna.

Ƙoda

Ƙoda ita ce matatar jiki. In ta kasa, ruwa ya rasa hanyar fita, kuma fatar ido ce ke fara nunawa da safe. Ga yaro, abin yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen da suka yi ruwa, da ƴan makonni. Fitsarinsa ya ragu, ya yi launin shayi. Wani kuma fitsarin ya riƙa kumfa kamar an sa sabulu. Ga manya, hawan jini da ciwon sukari ne suka fi cin ƙoda. Tsargiya ma, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tabki da madatsun ruwa irin na Ibohaman, in ta daɗe ba magani tana lalata hanyar fitsari har ta taɓa ƙoda. In an zo rabon maganinta a makaranta, kada a hana yaro sha.

Sai ƙwayoyin gajiya da ake saye a tire a kasuwa. Manomi ya dawo jiki yana ciwo, ya haɗiye biyu, gobe uku, haka har damina ta fita. Da yawansu suna cin ƙoda a hankali. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu ƴan mata ke sha kafin aure su ma suna kumbura fuska, su hau da jini. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Ƙarancin jini, da idon da ya faɗa

In jini ya yi kaɗan, fuska takan kwashe, idanu su yi zuru-zuru, duhun ƙasan ido ya ƙara fitowa. Dubawa ba wuya. A fita haske, a ja fatar ido ta ƙasa da yatsa mai tsabta, a dubi cikinta. Ta mai lafiya ja ce. In ta yi fari-fari, a dubi tafin hannu da harshe. Abin ya yawaita a ƙasarmu: babban binciken lafiya na 2012 ya nuna yara ƙanana fiye da 7 cikin 10 suna da ƙarancin jini, mata kuwa kusan rabi.

Masassarar cizon sauro ce kan gaba wajen shan jinin yara, sai tsutsar ciki, sai haihuwa kusa da kusa ga mata, sai abinci. Don haka gidan sauro maganin ido ne, ko da ba a saba faɗin haka ba. Haka ma maganin rigakafin masassara da ake bai wa yara wata-wata cikin damina. Mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ko da ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, wannan ba komai.

Sauran yana gona. Wake, zogale, rama, yakuwa, fara, hanta ranar da aka samu. A matsa lemun tsami ko a yanka tumatir a kan kwaɗo, yana taimakon jiki ya ɗauki amfanin ganyen. Shayi kuwa, in an sha shi a kan abinci, yana hanawa. A ba shi tazarar awa guda ko biyu. Mai garka ya dasa zogale a bakin shinge, inda rarar ruwan albasa ke bi. Bai ƙara kuɗin mai ba, ya kuma sami ganye duk shekara.

Wani lokaci kuma idon faɗawa yake yi ciki, kewayensa ya yi duhu. In yaro yana zawo ko amai aka ga haka, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Ga jariri har maɗiga takan faɗa. A jiƙa ƙunshin gishirin zawo na gidan likita cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi da cokali, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanya.

Duk abin da muka lissafa ido biyu yake kamawa. In ido ɗaya ne, galibi ciwon na wurin ne: cizon ƙwaro, ko hazbiya. Ita hazbiya ƙyalle mai ɗumi take so, kuma ba a matse ta. Amma in fatar ta yi ja, ta yi zafi, idon ya rufe, ga zazzaɓi, wannan na asibiti ne ranar nan. Haka ma jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya. Kada a ɗiga nono, ko fitsari, ko ruwan albasa, ko ruwan wani ganye.

Zancen rufewa

To, an duba, ba ciwo. Gado ne, ko shekaru, ko gajiyar aiki. Mace tana son ta fita biki fes, kuma tana da gaskiya. Me ya kamata, me bai kamata ba?

Mu fara da mafi muni, man bilicin. Mai talla zai ce yana goge baƙi cikin mako guda. Da farko fuska takan yi haske. Amma irin waɗannan mayuka suna ɗauke da abubuwa masu ƙarfi. Wani in an daɗe ana shafa shi yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu da gefen ido, tabon da ya fi na farko duhu, kuma da wuya ya fita. Wani yana sa fata ta ƙara sirancewa har jijiyoyi su fito, in kuma yana shiga ido yana iya jawo yana ko hawan jinin ido. Wani akwai zaiba a ciki, ita kuwa ƙoda take ci, ta kawo kumburin da ake gudu. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Masu zuwa Abijan sun sani, tun 2015 ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka. Wadda ta daɗe tana shafawa, ta je ta gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ya nuna mata yadda za ta bari a hankali, don wasu in an yanke su rana ɗaya fuska takan yi ƙuraje.

Sai kwalli, wanda wasu ke kira tozali. Mun san matsayinsa. Ado ne na iyaye da kakanni, malamai kuma sun karantar da mu cewa sunna ne. Ba mu zo hana shi ba. Amma ba duk abin da ake sayarwa da sunan kwalli ne iri ɗaya ba. Dutsen nan mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ake niƙawa, mafi yawansa dalma ce. Dalma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Tana rage jini, tana daƙushe ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi karatu yana ba shi wuya, ba wanda ya san dalili. A 2010, a jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan ba kwalli ba ne, amma gubar ɗaya ce. A 2011 kuma, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga Najeriya. Da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Yaya take shiga jiki? Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki. Hawaye ma yana da ƴar hanya da ke sauka cikin hanci zuwa maƙogwaro. Saboda haka shawararmu ita ce: kada a sa wa jariri da ƙaramin yaro kwalli, ko a ido, ko a cibiya. Ba ya ƙara gani, ba ya wanke ido. Mai ciki da mai shayarwa su ma su nisanci na dutsen, domin dalma tana ratsawa ta kai ga ɗa. A ajiye tandu inda hannun yara ba ya kai.

Babbar mace da za ta sa, ta wanke hannu bayan ta gama. Ta ja shi siriri a bakin gashin ido, ta waje. Kowa da tsinkensa. Tsinke ɗaya da ke zagaya gida yana raba amodari da apolo daga ido zuwa ido. Ido mai ciwo ba a sa masa kwalli. Da dare a wanke kafin a kwanta. Ga kuma abin da madubi zai tabbatar muku: kwallin da aka rambaɗa a ƙasan ido, da zufa ta zo sai ya narke ya gangaro, ya ƙara wa wurin duhu. Mai baƙin ƙasan ido ta fi kyau in ta ja shi a fatar sama kawai.

Hoda ba ta da laifi in mai kyau ce. Kuskuren da ake yi shi ne sayen wadda ta fi fata haske. A kan baƙar fata irin wannan toka-toka take komawa, kowa ya gane an rufe wani abu. A nemi wadda ta yi daidai da launin kumatu, ko mai ɗan ja-ja kamar jar ƙasa, ita ce ke kashe duhun. A fara ɗora ƙyalle mai sanyi, a bari wurin ya bushe. Sannan a ɗiba kaɗan a kan yatsa, a riƙa dannawa a hankali, ba gogawa ba. Hoda tana rufe launi, ba ta rufe tudu. In an labta ta a kan jakar ido, sai ta taru cikin layukan fata ta ƙara tona ta.

Rana ɗaya ce muke roƙon a bar kwalliya gaba ɗaya: ranar awo, da ranar kai yaro gidan likita. Mun san mata suna son su fita tsaf ranar nan. A yi wanka, a sa tufafi masu kyau, amma a bar fuska yadda take, ba kwalli, ba hoda. Mai ciki kuma, in za ta ƙunsa lalle, ta bari sai bayan awo, domin ungozoma tana duba cikin ido, da tafin hannu, da farce, kafin ta ɗauko ma'auni.